Takardar likita da ta zama lasisin shan giya

Edita, assalamu alaikum.

Ɗana da ke karatu a Amurka ya turo mini hoton wata tsohuwar takarda da ya saya a shagon kayan tarihi, don ya san shekara 31 na yi ina harhaɗa magunguna. Takardar likita ce ta 1926, mai lamba da zane kamar takardar kuɗi, bugun Ma'aikatar Baitulmalin ƙasar. Maganin da aka rubuta shi ne "Spiritus frumenti", wato wuski da sunansa na Latin. Ya ce masu tara irin waɗannan takardu suna sa su a firam su rataye a falo.

Daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933, doka ta hana sayar da giya a Amurka. Sai dai dokar, wadda ake kira dokar Volstead, ta bar wata kafa: likita na iya rubuta wa majiyyaci kusan rabin lita duk kwana 10. An ƙayyade wa kowane likita takarda 100 a kwana 90, mai kemis kuma ya soke ta, ya adana. A rubuce, tsari ne mai kyau. Amma lafiyayyen mutum kan biya likita, ya biya mai kemis, ya tafi gida da kwalbarsa. Har Winston Churchill, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, bayan mota ta buge shi a New York a Disambar 1931, ya samu takardar likita mai cewa murmurewarsa na buƙatar giya, musamman lokacin cin abinci.

Da na ga hoton nan, wani saurayi ne ya faɗo mini a rai. Kafin gwamnatin Najeriya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a 2018, ya zo mini sau uku cikin mako guda, kullum da takarda mai hatimi da sa hannu. Ko sau ɗaya ban ji ya yi tari ba. Sau biyu na ba shi, ina ce wa kaina ai takarda ta cika. A na uku na hana, ya tsallaka titi ya samu. Har yau sau biyun nan suna ci mini rai.

Shi ya sa ban ga abin ado a takardar nan ba. Hannun likita ne a kai, da na mai kemis irina. Na ce wa ɗana ya taho mini da ita in zai zo hutu, in nuna wa yaran da ke koyon aiki a shagon ƙanena.

Tsohon mai harhaɗa magunguna,
Zariya