Planetarian: Gajeren Labari Mai Sosa Rai

Edita, ina yi maka fatan alheri.

Ina jan hankalin masu karatu zuwa ga Planetarian, labarin kwamfuta mai hoto da sauti da kamfanin Key na Japan ya fitar a 2004. Mai karatu ba ya zaɓar komai, dannawa kawai yake yi, cikin 'yan awanni ya gama.

Shekara 30 bayan yaƙi ya kassara duniya, mutum-mutumi Yumemi tana nan tana jiran baƙi a ɗakin kallon taurari. Wuta na zuwa mata awa 168 kacal a shekara. Wani mai tsince-tsince ya gyara mata na'urar haska taurarin, amma wuta ta ɗauke ana tsakiyar nuni, sai ta ƙarasa bayanin da baki. Nan ne labarin ya fi taɓa zuciya.

A sa abin sauraro a kunne, kada a yi saurin dannawa, domin ƙarar ruwan sama da kiɗan suna ɗauke da rabin baƙin cikin.

Naku,
Mai karatu daga Kano