Wasiƙa zuwa ga Yaya Sani: kada a taɓa fadamar Baba

Manchesta, Ingila
Daren Lahadi

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Yaya Inna da ƙafarta? A gaishe min da ita ƙwarai, a ce ina neman albarka. Ina gaida Yaya Luba da yara, da su Goggo na Runjin Sambo, da mutanen masallacinmu. Ni nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Saƙon muryarka na ranar Juma'a sau uku na saurare shi, na ƙarshen a cikin bas ina dawowa daga aiki da asuba. Na ji shawarar da Kawu ya kawo, wai a sayar da fadamar Baba ta Kwalkwalawa a zuba min kuɗin a banki don a samu a kawo matata Saratu nan Ingila. Na kuma fahimci abin da ka yi nauyin bakin faɗa, cewa an fara magana a unguwa: shekara biyu da ɗaurin aure, yarinya na zaune ɗakin Inna, miji yana Turai ya shantake. Wallahi Yaya maganar ta hana ni barci. Shi ya sa na ce waya ba ta isa ba, gara in zauna in rubuta komai dalla-dalla, ka karanta wa Inna da Kawu, in ya yiwu har da mahaifin Saratu.

Ga yadda dokar take. Tunda na samu takardar zama ta dindindin, ina da ikon neman a bai wa matata biza ta zo ta zauna da ni. Amma sai na nuna ina samun fam 29,000 a shekara kafin a cire haraji. Tun 2012 fam 18,600 ake nema, kuma da wannan lissafin na zo aka ɗaura aure, don abin da nake samu ya haura haka. Kafin in gama haɗa kuɗin nema, sai a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga shi zuwa 29,000. Gwamnatin lokacin har ta ce za ta kai shi 38,700, wadda ta gaje ta ce ta dakatar. To ka ji inda gizo ya yi saƙar. Ba mantuwa ba ce, ba kuma wata na gani a nan ba, Allah shi ne shaida.

A siton da nake aiki ana biyana fam 12.21 a awa, shi ne mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka a 2025. In na yi awa 37 da rabi a mako, wato aikin da aka ɗauke ni a kai, a shekara zan tashi da kusan fam 23,800. Saura 5,200 ke nan. Ga mai ji daga gida, fam dubu ashirin da uku dukiya ce, musamman in ya buga ta da naira. Amma nan hayar ɗaki ɗaya da kuɗin bas da abinci su ke lashe fiye da rabi, ga abin da nake turowa duk wata.

Yanzu maganar fadama. Gaskiya ne doka ta yarda a cike giɓin albashi da ajiyar banki, amma Kawu bai san yadda suke lissafin ba. Fam 16,000 na farko ba sa ƙirga shi sam, kamar babu shi. Abin da ya hau kai shi ake dubawa, kuma sai ya kai giɓin sau biyu da rabi. Giɓina 5,200, sau biyu da rabi 13,000, a haɗa da 16,000 ɗin, ya zama fam 29,000 ake so a gani kwance. A canjin 2025 da fam yake wajen naira 2,000, kusan naira miliyan 58 ke nan. Wanda ba shi da albashi ko kaɗan kuwa, fam 88,500 zai nuna. Sannan kuɗin sai sun yi wata shida a asusu ba su ragu ba, sai an faɗi inda suka fito, kuma bashi ba ya shiga, sai dai kyautar da ba za a mayar ba. Kai ka san girman fadamar nan, ka san farashin ƙasa a wajen. Ko an sayar ba za ta kai ba. Za mu wayi gari babu gona, babu biza.

Kuma ko da za ta kai, ni ban yarda ba. Fadamar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Akwai rabon Inna a ciki, akwai naka, akwai na Yaya Luba da na Hauwa da ba ta ko gama makaranta ba. Albasar rani da shinkafar da ake ɗaukowa daga can su ne ke riƙe da gidan in aike na ya yi jinkiri. Har yanzu in na rufe ido ina ganin Baba tsaye a bakin rijiyar, wando a naɗe har gwiwa, yana jan igiyar injin ban-ruwa yana ƙi masa, ni da kai muna riƙe da tiyo. Da guminsa ya saye ta kadada-kadada. Ba zan zama ɗan da aka sayar da ita saboda shi ba. Ka yi wa Kawu godiya, na san ƙauna ce ta sa shi, amma a bar maganar nan inda take.

Sai ɗaya maganar, ta mutumin da aka ce yana Abuja yana haɗa wa mutane takardun banki. Don Allah Yaya kada kowa ya ba shi ko sisi, kada a ba shi fasfon Saratu ko hotonsa. Mutanen nan suna iya tuntuɓar banki da wurin aiki su tabbatar da abin da aka ba su. Akwai wani ɗan Zamfara da muke sallar Juma'a tare, irin wannan hanyar ’yan’uwansa suka bi masa ba da saninsa ba. Aka ƙi matar, kuɗin nema suka tafi, kuma duk takardar da za ta sake cikewa sai ta amsa cewa an taɓa ƙin ta da dalilin da ya sa. Shi kuwa ejan ya kashe waya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ba zan jefa sunan yarinyar mutane a ciki ba.

Abin da nake yi shi ne ƙarin awoyi. Na lissafa, in ina yin awa 46 a mako zan haye. Ga mai aikin awa irina, suna haɗa abin da ya samu a wata shida na baya su ninka biyu, don haka ana so jimillar wata shida ta kai fam 14,500. Na karɓi aikin dare saboda an fi samun ƙari a can. Ƙarfe goma nake shiga in fito shida na safe, wani lokaci takwas. Aikin tsaye ne, na'ura a hannu tana faɗa maka lambar kanta, ka je ka ɗauko kwali ka ɗora a keke, ka sake komawa. Akwai wani lungu bayan inda ake tara katakon dakon kaya, nan nake shimfiɗa kwali in yi sallar asuba cikin hutun minti goma sha biyar. Ina da ɗan littafi a aljihun rigar aiki, duk safiya kafin in kwanta sai na rubuta awoyin daren.

Da tuni mun shigar da takardu. A watan Fabrairu mura mai zazzaɓi ta kwantar da ni mako biyu, da na koma kuma aka rage ƙarin awoyi saboda kasuwa ta ja baya. Jimillar ta faɗi ƙasa da abin da ake so da ’yan ɗaruruwa kawai. Na zauna a bakin gado da takardun albashin nan shida a shimfiɗe, na buga lissafi ya fi sau goma ko zai canza. Ban gaya wa kowa ba lokacin, ko ita Saratu, don na ga yadda take ƙirga watanni. Wannan kuskurena ne, da na faɗa da ba a bar mutane suna ta zato ba. Yanzu sai dai in jira waɗancan watanni su fita daga lissafi. In Allah ya ba ni lafiya, nan da wata huɗu na cika.

Kuɗin nema kansu daban ne, a farashin 2025: fam 1,938 na biza, sai fam 3,105 na kula da lafiya da ake biya gaba ɗaya tun farko, na shekara uku. Sun haura fam 5,000, wajen naira miliyan 10, ban sa tikitin jirgi ba. In aka ƙi, na lafiyar ne kawai ake mayarwa. Na tara fiye da rabi. Saboda haka aiken wata-wata zai ɗan ragu zuwa ƙarshen shekara, amma kuɗin maganin Inna da na makarantar Hauwa ba zan taɓa su ba.

Akwai abubuwan da sai ku a can za ku iya yi min, kuma su ne ainihin taimakon da nake nema.

Na farko takardar aure. Ka tuna a masallaci aka ɗaura, aka raba goro da dabino, kowa ya watse, ba a rubuta komai ba. Suna karɓar auren Musulunci da aka ɗaura a gida, amma sai da shaidar hukuma. Ka je kotun shari'a tare da waliyyinta da shaidu a fitar mana, in da Hausa ko Larabci aka rubuta a yi fassarar Turanci mai hatimi. Ka sa ido sosai a kan sunaye. Yadda aka rubuta sunanta da na mahaifinta da ranar haihuwarta a fasfo, haka za su zama a ko'ina, harafi ɗaya kada ya saɓa.

Sai jarrabawar Turanci. Takardar NCE ɗinta ba ta ɗauke mata, digiri kawai suke karɓa a madadi. Amma matakin farko ne, magana da saurare kawai, ba ta kai minti ashirin ba: sunanki, ina kike zaune, me kike so ki ci, yaya kike zuwa kasuwa. Turancin Saratu ya fi haka nesa. Matsalarta kunya. Muna gwadawa a waya, in na yi mata tambaya sai ta amsa can ƙasan maƙoshi ta yi shiru. Ka sa Hauwa ta riƙa zama da ita bayan la'asar suna yi da ƙarfi, har bakinta ya sake. Sakamakon yana aiki shekara biyu, don haka ita za a fara yi. Gwajin tarin fuka kuwa wata shida kawai takardarsa ke yi, kuma sai a asibitin da suka amince da shi, kamar na Abuja ko Legas. Kada a yi shi sai na ce. Haka ɗaukar hoton yatsu, a Abuja za a yi bayan na cike takardu. Duk tafiyar da za ta yi ina roƙon ka raka ta da kanka, kuma ta jirgi. Na san tsadarsa, ni zan biya. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba wadda zan iya kwana ina tunanin kuna kanta ba ce.

Suna kuma so su gamsu auren na gaske ne. A tattaro min hotunan ɗaurin aure da na walima, da waɗanda muka ɗauka a tsakar gida zuwana na bara. Ni ina da rasit ɗin duk kuɗin da na tura mata da hatimin shiga da fita a fasfo. Har hirarmu ta waya sai na buga wani yanki na haɗa. Wannan ya yi min nauyi ƙwarai, a ce wani baƙo a ofis zai karanta abin da ke tsakanin mutum da iyalinsa, amma mun yi magana da ita ta amince. Wurin zama ma ana dubawa. Mai gidan da nake haya ya yarda zai mayar da ni babban ɗakin sama in na kusa shigar da takardu, ya kuma rubuta wasiƙar amincewa ta zauna.

Bayan an shigar, amsa takan ɗauki kamar mako 12. In an dace za a ba ta wata 33, a sabunta, sai bayan shekara biyar ta nemi ta dindindin. A tsawon lokacin ba ta da haƙƙin tallafin gwamnati, amma tana da izinin aiki da karatu. Na faɗi wannan ne don mahaifinta ya san abin da ’yarsa za ta taras, kada a ce na ɓoye wani abu.

Yaya, ka je wurinsa da kanka, kada a aika. Ka nuna masa wasiƙar nan, ka ba shi haƙuri a madadina. In yana ganin ta koma gida ta zauna kafin lokacin, ba zan ƙi ba, ko da yake Inna ta ce ita ce hannunta na dama yanzu. A tambayi Saratu abin da ta fi so, a yi mata shi. Ta yi haƙurin da ban san yadda zan biya ba, kuma ita ce ke jin maganganun mata a gidan biki da gidan suna, ni ina nan ba na ji.

Na tura kuɗi jiya, ka duba. A kai Inna a sake duba ƙafar kafin sanyi ya shigo, kada ta ce ta ji sauƙi a ƙyale ta. A sa ni a addu'a, in an je Hubbare ma a tuna da ni. Zan kira ranar Laraba bayan azahar ɗinku in na tashi daga barci.

Wassalam.

Ƙanenka,
Bello