Katifar iska ta baƙi: kada a kwantar da jariri a kanta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana matan aure a kan katifar nan ta roba da ake hura wa iska, wadda ta fara yawa a shagunan Gombe, ana kuma tallanta a Facebook.

Gidanmu ba shi da nisa da Asibitin Koyarwa na Tarayya, don haka duk wanda aka turo daga Dukku ko Bajoga ko Nafada a cikin dangi, wurinmu masu jinyarsa suke sauka. Ga biki, ga suna, ga zaman makoki. Ɗaki biyu da falo ba su da wurin jingine katifar soso ta jiran baƙo, ita kuwa wannan in aka sace iskar aka naɗe, ƙarƙashin gado ma ya ishe ta. Ta yi mini rana ƙwarai.

Wajen saye, a fara duba famfon kafin a duba kyan katifar. Akwai mai famfon lantarki a jikinta, tana da daɗin sha'ani, amma baƙo ba ya duba ko akwai wuta kafin ya yi sallama. Ni na fi son wadda za a iya hura ta da famfon ƙafa ko na hannu. Masu sayen gwanjo kuma su karanta jikin famfon: wanda aka yi wa Amurka wutar volt 120 yake ɗauka, tamu kuwa 230 ce, kana jona shi zai ƙone. Ta mutum ɗaya faɗinta kusan santimita 99 ne, tsawo 191. Babbar 152 da 203. A auna falo tukuna, kada ta tare hanyar mai fita alwalar asuba. Ta ƙasa-ƙasa kuma tana wahalar da tsofaffi wajen tashi. In Inna ce ta zo, gadona nake bar mata, ni in koma falo.

Da yawa suna mayar da sabuwar katifa shago da faɗa wai tana yoyo, alhali robar ce take buɗewa a kwanakin farko. A ƙara mata iska kawai. Haka da hunturu: iskar ciki tana tsukewa in dare ya raba, sai ta yi laushi, ta kuma jawo sanyin siminti ta kai wa bayan mai barci. A shimfiɗa tabarma ko kafet a ƙasa, a sa bargo tsakanin katifa da zanin gado. Da bazara kuwa, a zafin Maris da Afrilu, iskar kumbura take yi. Wanda ya cika ta tam da safe ya bar ta a ɗakin kwano, zai tarar ɗinkin ciki ya saki, ta yi ƙusumbi a tsakiya, kuma wannan ba shi da gyara. A bar ta in an danna da tafin hannu tana ɗan lotsawa.

Abin da ke huda ta a gidajenmu sananne ne: fil ɗin mayafi, ɗan kunne, ƙarangiyar da ta maƙale a zani, tartsatsin kaskon turaren wuta, sai yara da suke mayar da ita wurin tsalle. In ta fara sacewa, a duba murfin bakin tukuna. In lafiyarsa lau, a kaɗa ruwan sabulu a bi jikinta da soso, inda kumfa ta riƙa tasowa nan hujin yake. A goge, a bari ya bushe, a sace iskar, sannan a manna facin da ya zo a kwalin, a ɗora abu mai nauyi ya kwana. Kada a kai wa mai facin taya ya sa mata wuta, narkewa za ta yi. In baƙi sun tafi a goge ta da ɗanyen tsumma, ta bushe a inuwa, a ajiye inda ɓera ba ya kaiwa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne masu goyo. Rabin baƙinmu na suna da biki da jarirai suke zuwa, kuma uwa da ɗanta take kwana. Katifar iska tana lotsawa inda babba ya kwanta, jariri ya gangaro kwarin, fuskarsa ta nutse a robar da iska ba ta ratsawa, ko ya faɗa tsakanin katifa da bango, shi kuma bai iya juya kansa ba. An rasa jarirai ta haka. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi kada a kwantar da yaro ɗan wata 15 zuwa ƙasa a kanta, ko da an cika ta da iska. Gargaɗin yana buge a jikin katifu da yawa, kusa da bakin hurawa, amma da Turanci, da ƙananan baƙaƙe. A gidana mai goyo tabarma da bargo nake shimfiɗa mata, ko da za a ce na yi rowa.

Ina roƙon masu shaguna su riƙa faɗa wa mai saye wannan da Hausa kafin su karɓi kuɗi, ma'aikatan jinya kuma su sa shi cikin bayanin da suke yi wa mata ranar awo da ranar rigakafi.

Wassalam,
Wata uwargida mai karanta jaridarku,
Gombe.