Godiya ga Ma'aikatar Sufuri ta Birnin New York kan bencunan bakin titi

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan wannan ma'aikata, gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Bayan haka, na rubuto ne a madadin dattawanmu Hausawa mazauna Bronx, 'yan Gana da Nijar da Najeriya, mu yi muku godiya a bainar jama'a kan shirin CityBench da kuka ƙaddamar a 2011, zamanin magajin gari Bloomberg, da alƙawarin kafa benci 1,000 a unguwanni biyar na birnin. Kun cika, har kun zarce.

Mai ƙarfin ƙafa ba zai gane girman aikin nan ba. A gida dakali na ƙofar kowa, in tsoho ya gaji ya zauna, ba mai tambayarsa dalili. A nan kuwa sai dai ka shiga kanti ka sayi shayin da ba ka bukata domin ka samu kujera, ko ka raɓe a matakalar gidan mutane kana ɗar-ɗar. Saboda haka iyayenmu da yawa suka haƙura da fita, sai ranar Juma'a ko ranar ganin likita.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda kuka zaɓa: tashoshin bas da ba su da rumfa, bakin asibitoci, ɗakunan karatu da cibiyoyin tsofaffi. Wato kun duba inda gajiya take kama mutum. Na ga wata Hajiya mai ciwon gwiwa ta ajiye ledar cefane a gefenta, ta kwance igiyar takalmi, ta ja carbi har bas ta iso, sannan ta dafa ƙarfen da ya raba wuraren zaman ta miƙe ba tare da an kama ta ba. Ƙarfe ne dai, ran hunturu sai mutum ya shimfiɗa jarida, amma ba ya ruɓewa, ba ya karyewa.

Mun kuma ji daɗi da kuka bar ƙofa a buɗe, kowa na iya kiran 311, lambar wayar neman ayyukan hukumar birni, ko ya cike fom a intanet ya nemi a sa benci a layinsu. Matasanmu sun fara taimaka wa iyaye da wannan, don haka ku sa ran buƙatu daga kusa da masallatanmu.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ƙarfin gwiwa.

Naku,
Wani mazaunin Bronx