Wa ya ce muku Washington bai taɓa shan kashi ba?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Laraba ya ja mini abin kunya. Har sau biyu mai gabatarwa ya ce wai George Washington, shugaban Amurka na farko, bai taɓa shan kashi a fagen daga ba. Washegari ina shiga aji, ko allo ban goge ba, wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, rediyo fa ya ƙaryata ka." Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa ga alli a hannu, na yi tsuru kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabta. Laifina kawai, makon jiya na koya musu cewa a 1754 Washington, yana ɗan shekara 22, ya miƙa wuya ga Faransawa a sansanin soja na Fort Necessity.

Shekarata 19 ina koyar da tarihi, yau a ce minti ɗaya na rediyo ya rushe mini aikin zango guda! Ku tambayi mai gabatarwar nan, wa ya gudu daga Long Island a watan Agusta na 1776, lokacin yaƙin neman 'yancin kan Amurka? Sojojin Ingila sun fatattake shi, sai da ya kwashe mutanensa a jiragen ruwa cikin dare, hazo ya rufa masa asiri, daga baya New York ta suɓuce masa. A 1777 aka sake lallasa shi a Brandywine, Philadelphia ta faɗi. A sansanin Valley Forge, inda suka yi hunturu, sojojinsa wajen 2,000 suka mutu da cuta da yunwa da sanyi, wasu ko takalmi babu. Nasarar Yorktown ta 1781 da kuka yi ta kururutawa kuwa, da jiragen yaƙin Faransa ba su tare bakin teku ba, da wani labarin ake yi.

Mutumin nan abin yabonsa shi ne ana dukansa yana tashi, bai bar rundunar ta watse ba. A 1783 ya mayar wa majalisa muƙaminsa ya koma gona, a 1797 kuma ya sauka daga mulki bayan wa'adi biyu, ba wanda ya tilasta masa. Wannan kun wuce shi a guje. Bayi sama da 300 da ke gonarsa ta Mount Vernon kuwa, ko ambatonsu ba ku yi ba.

Ina so a gyara maganar a shiri na gaba, a fili, domin yaran nan suna saurare.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin murya. Mahaifina kunnensa ya yi nauyi, rediyon a jikin kunne yake riƙe ta, amma ganga kawai yake ji, sai an gama ya ce in maimaita masa.

Naku,
Wani malamin sakandare, Katsina