Rahoton Ayyukan Shekara: Hidimar Ɗalibanmu ga Matasan Unguwannin Kano

Assalamu alaikum. 'Yan uwa mambobi, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin ayyukan da ƙungiyarmu ta gudanar a shekarar karatun da ta gabata tare da samarin Dorayi da Kabuga, unguwannin da ke maƙwabtaka da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, musamman waɗanda suka bar makaranta, harkar daba da ƙwacen waya da shaye-shaye kuma suke neman janye su. Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne, domin binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma haramta maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta yi a shekarar ta 2018 bai raba yaranmu da wiwi da tramol da sholisho ba.

Ta hannun masu unguwanni da limamai muka shiga, kuma mun ci gaba da darussan karatu da rubutu da lissafi a ranakun Asabar da Lahadi bayan la'asar. Sai dai mafi yawan amfanin bai fito daga gaban allo ba, a majalisar mai shayi aka same shi, inda ɗalibanmu suka riƙa zama da samarin har suka saki jiki da su. Ɗaliban nazarin zamantakewa da suka fita da takardun tambayoyi sun gano cewa yaron da ke zargin kai jami'in hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ne ba zai faɗa maka komai ba, sai ya ga ka dawo sau da yawa ba tare da ka tona masa asiri ba. Ɗaliban shari'a kuwa sun raka iyaye ofishin 'yan sanda neman beli, sun kuma ga yadda Dokar Kare Haƙƙin Yara da Jihar Kano ta kafa a 2023 ke aiki a zahiri. A ganin kwamiti, wannan ilimi ne da ya cancanci a ɗauke shi da daraja ɗaya da na ɗakin lacca.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne sanya wasu samari koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre da kanikanci a Ƙofar Ruwa. Kowane mai shago tambaya ɗaya yake fara yi: "Wa zai tsaya masa?" Inda mai unguwa ya amince ya tsaya, ɗalibinmu kuma ya riƙa leƙawa duk mako, yaron yakan zauna ya koyi aikin. Waɗanda suka daina zuwa, galibi rashin kuɗin mota da na abincin rana ne ya katse su. Samarin da ƙwaya ta riga ta yi wa illa, mun haɗa iyayensu da likitocin asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa na Dawanau, domin lamarinsu ya wuce nasiha.

Babban giɓin da muke fama da shi shi ne lokacin jarrabawa da dogon hutu, sa'ad da ɗalibai ke komawa garuruwansu, yaron da ya fara sabawa da wani kuma ya wayi gari babu mai nemansa. Saboda haka kwamiti yana ba da shawarar a haɗa kowane yaro da ɗalibai biyu, ɗayansu mazaunin Kano, a kuma ware wani kaso na kuɗin wata-wata domin kuɗin motar masu koyon sana'a. Muna kuma roƙon 'yan uwa mata su jagoranci fara aiki da 'yan mata masu talla, waɗanda har yanzu hidimarmu ba ta kai gare su ba. Ma'aji zai karanta bayanin shige da ficen kuɗi a babban taro, inda za a kaɗa ƙuri'a kan waɗannan shawarwari.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa