Rahoton Ayyukan Shekara Zuwa ga Membobi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tarukan wata-wata an yi su, ban da na azumi.

Abin da ya fi armashi bana shi ne bitar da muka shirya kan amfanin ra'i, wato tsarin tunani na masana, a binciken tafiyar da asibitoci. Zaure ya cika har sai da aka aro bencina. Da farko wasu sun yi ƙorafi: mu da zazzaɓin damina da tamowa suka hana mu sakat a Maradi, ina ruwanmu da ra'in malaman jami'a? Sai aka baje takardun matan da ake turowa daga cibiyoyin lafiya na karkara (CSI) da doguwar naƙuda, bayan an rufe sunaye, aka auna su da ra'in jinkiri uku na Thaddeus da Maine, na 1994: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Mun saba ɗora wa maigida laifi. Da aka jera lokacin isowa kusa da lokacin shiga tiyata, kowa ya ga na ukun a hannunmu yake. Wata ungozomar asibiti ta tuna mana cewa tun 2006 tiyatar haihuwa kyauta ce a Nijar, amma kyautar ba ta zuba wa motar asibiti mai, ba ta kawo ledar jini. Takardun nan sun daɗe a kabad; ra'in ne ya nuna mana layin da za mu duba.

Bincikenmu kan yankewar magani a asibitoci kuwa bai kammala ba, kuma kada a ce sakaci ne. Mun tsara tambayoyi bisa ra'in Donabedian na 1966, wato kayan aiki, yadda ake aikin, da sakamakonsa. Kashi na biyu ba ya yiwuwa daga ofis, sai an je an zauna kusa da mai ba da magani an gani da ido. Zuwa Dakoro da Mayahi mai yake ci, asusu kuma babu komai.

Kuɗin ƙungiya jika guda ce a wata, jama'a. Na kira, na tura saƙo, wasu har gida na bi su. Waɗanda ba su biya ba su ne kan gaba wajen tambaya a WhatsApp ina aka kwana, ranar karɓar takardar shaida kuma ba sa makara.

Mai bashi ya ga ma'aji kafin taron zaɓe. Kwamiti ya yanke cewa wanda bai biya ba, ba shi da ƙuri'a.

Magatakarda